Kwandon Gida da Kwandon Kasuwa: Shekara Takwas Bayan Kulu

A wannan daminar aka cika shekara takwas da kai ƙanwata Kulu makwancinta a Wara. Ina yi mata addu'a bayan kowace salla, ina kuma roƙon duk wanda ya karanta wannan ya saka ta a cikin tasa. Amma ba zan ɓoye muku ba, har yau in na tuna da ita haushi ne ke riga hawaye zuwa. Ni ban yi boko ba. Maƙwabciyar da ke rubuta min wannan na riga na gaya mata kada ta sassauta min magana ko ɗaya, yadda na faɗa haka za ta sa.

Sunanta na yanka Hauwa'u, uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ni ce babba. Muna ƙanana ruwan dam ya ci garinmu na asali aka tashe mu, saboda haka a bakin wannan tafkin muka yi wayo, a gindin murhun bandar Innarmu. Aure ya kai ni Yelwa. Ita ta zauna a Wara da mijinta Malam Garba, manomin albasa da shinkafa, ta riƙe sana'ar gidanmu. Duk wanda ya ci bandar Kulu ya san hannunta. Tarwaɗarta takan fito ja mai sheƙi, a naɗe tsaf, babu ƙuna babu ɗanye a ciki. Masu zuwa sari daga nesa da sunanta suke tambaya kafin su sauke jaka. Abu na biyu da aka san ta da shi, ba ta zubar da abinci. Ƙwayar shinkafa in ta faɗi sai ta tsince. Kan kifi da ƙaya takan daka su ta zuba a miya. Mutane na yabonta a kan haka, ni ma na yaba.

Wanda bai taɓa yin banda ba bai san abin da damina ke yi wa kifi ba. Ka gama aikinka lafiya, ka jera a kwali, kafin ranar kasuwa ta zagayo ƙuda ya yi ƙwai, tsutsa ta tashi, wani ɗan baƙin ƙwaro ya shiga ta ciki ya cinye tsoka ya bar maka fata da ƙaya. A zamanin Innarmu maganin abin wuta ce. Bayan 'yan kwanaki a sake mayar da kifin kan murhu ya sha hayaƙi, a barbaɗa dakakken barkono a gindin kwando. Aiki ne mai cin itace da cin ido. Ana cikin haka fiya-fiya ta shigo, wannan ruwan maganin ƙwari da ake sayarwa a ƙananan kwalabe. A ɗiga kaɗan a ruwa, a tsoma tsintsiya, a yayyafa wa kifi da kwali, shi ke nan ƙwaro ba ya kusanta. Matan bakin ruwa suka huta da wuta ta biyu.

Kada wani ya ɗauka ba su san guba ce ba. Sun sani sarai, shi ya sa suka kafa wata al'ada da har gobe tana nan. Kowace mai banda tana da kwando biyu. Na kasuwa shi ake yayyafa wa magani. Na gida a rataye yake saman murhu, hayaƙi kaɗai ke tsaronsa, daga nan ake ciro wa maigida da yara. Kulu tana alfahari da wannan. Ranar da na fara yi mata magana sai ta nuna min kwandon da ke rataye.

"Yaya, ni ɗiyana ba su taɓa cin na magani ba."

Na ce, "To ɗiyan wa ke ci?"

Ta yi dariya ta ce, "Su can ai da ruwan zahi suka wankewa. Ke dai kin cika sa ido."

Sa ido kam ina da shi, ban kuma taɓa jin kunyarsa ba. Da wannan idon na ga mai wake a kasuwar Yelwa yana da buhun gida da buhun kasuwa. Mai busasshen tumatir haka, mai hatsi haka. Kulu ta sayar wa mai wake kifin magani, ta karɓi waken magani a hannunsa, kowannensu ya koma gida da farin ciki ya tsare iyalinsa. Na sha faɗin wannan a gidan biki da gidan suna, sai a ce tsohuwa ta fara.

Wake ma bai kai ɓurɓushi damuna ba. In an ɗaure kwalaye an loda su a jirgi ko a mota, akwai abin da ke saura a gindin kwando da kan tabarmar da aka yi shiri: karyayyar wutsiya, fasasshen kai, garin tsoka. Ba mai saye. Kulu kuwa ba za ta zubar ba. Takan share shi tas ta zuba a wani kwanon sha, da shi take miyar kukarta, shi take jefawa a baki tana aiki. Maigida da yara a ba su lafiyayyen kifi daga kwandon sama, ita ta ci na gindi. A lissafinta ɓurɓushi ba na kasuwa ba ne, tunda bai taɓa zuwa kasuwa ba. Duk kuwa abin da aka yayyafa daga sama, a gindin nan yake taruwa. Sannan kwalayen kansu a ɗakin kwananta take jibge su, gefen gado, saboda kyanwa da raɓa da masu dogon hannu.

Ciwon ya fara a hankali. Ciwon kai, jiri, gumi ba dalili, hannu na rawa har ta kasa zare ƙaya. Wani lokaci amai, wani lokaci ƙirji ya riƙe. Da rani ta ɗan samu sauƙi, damina na sauka ya dawo. Aka ce shawara ce. Aka ce iskar bakin ruwa ce. Wasu suka ce abokan sana'a ne suka yi mata jifa saboda ta fi su kasuwa, har aka daina gaisawa da wata baiwar Allah da ba ta ci ba ba ta sha ba. Da abin ya yi tsanani na sa aka kawo ta asibiti a Yelwa.

A can muka haɗu da wata ma'aikaciya, mace mai natsuwa, ba zan manta da ita ba. Tana duba Kulu sai ta kai hancinta kusa da zanenta, ta juya ta tambayi Malam Garba ko suna amfani da maganin ƙwari a gida. Ya ce a'a, babu. Ba ƙarya ya yi niyya ba, har zuciyarsa haka ya ɗauka. Ba ta yi masa musu ba. Ta ce to sauro fa, yaya suke yi da shi? Ya ce ai wannan ɗan feshi ne da magariba, a rufe ƙofa, sai kuma na kunnawa mai hayaƙi. Ta tambayi inda yake ajiye tankin feshin gona, ya ce bayan ƙyaure. Wa ke wanke kayan da yake feshi da su? Kulu, da hannu. Da aka zo kan kuɗin cizo Kulu da kanta ta amsa, ta ce takan ɗan shafa wa katifa. Ni kuma na ƙara musu da abin da suka tsallake: in ƙwarƙwata ta shiga kan yara, ɗigo ɗaya ake sawa a man kitso, kuma ita ke shafawa. Jarkar da ake ajiye ruwan sha, ta maganin ciyawa ce aka wanke da sabulu. Kifi ne ya zo a ƙarshe, shi ma sai da na ambaci kwanon ɓurɓushi.

Matar nan ta ce mana jiki ba ya ware na sauro daban, na gona daban, na kifi daban. Wanda ya shiga ta hanci, da wanda ya bi ta fata, da wanda aka haɗiye, duk wuri ɗaya suke haɗuwa. Ta ce kowannenku yana cewa kaɗan, gaskiyarsa kuma, amma ba wanda ya tsaya ya haɗa kaɗan ɗin nan ya ga nawa ya zama a jikin mutum ɗaya. Ba ta rantse cewa shi ne ciwon ba. Ta ce tabbatar da haka sai da gwajin da ba su da shi a nan. Abin da ta roƙa kawai a raba Kulu da waɗannan abubuwa gaba ɗaya a ga yadda jiki zai yi.

Na riƙe ta a ɗakina a Yelwa. Rawar hannu ta ragu, ta fara cin tuwo, har ta koma tsokanata. Sai labari ya zo cewa kifi ya yi yawa a Wara, masunta na neman masu banda ido rufe. Na ce ba inda za ta. Ta ce kifi na ruɓewa a bakin ruwa ita tana zaune tana kallon bango, wannan alhaki ne. Na fita kai gaisuwar rasuwa, kafin in dawo ta hau mota. Ba ta ga ƙarshen wannan daminar ba.

Rai na Allah ne, ranar da ya rubuta ba ta wucewa. Ban ce kwalba ce ta kashe ƙanwata ba, wadda ta fi ni sani ma ba ta ce ba. Amma Allahn da ya rubuta ajali shi ya ba mu hanci da ido, kuma na ga yadda ta miƙe a ɗakina, na ga yadda ta kwanta da ta koma nata.

Nakan tambayi kaina, da za a dawo da Kulu ta zaga kasuwar Yelwa a yau, me za ta ce? Kwalaben sun ƙara ƙanƙancewa sun ƙara yawa. Wasu ko takarda babu a jikinsu, an dai ɗura a tsohuwar robar ruwa. A tebur ɗaya ake jera su da gishiri da daddawa. Masu tura baro da lasifika suna ihu cewa nasu na kashe komai, daga kyankyaso har kunama, jama'a na dariya suna miƙa hannu, ba mai tambayar abin da ke kashe komai me zai bari. A rediyo kuwa kowa da ɓangarensa. Malamin gona ya zo ya yi maganar feshin gona ya tafi. Masu yaƙi da sauro su yi ta sauro. Wani ya zo ya yi faɗa a kan masu sa wa kifi magani. Ban taɓa jin wanda ya shiga gida ɗaya ya bi mace ɗaya daga asuba zuwa kwanciya, ya ga abin da ta shaƙa da abin da ta taɓa da abin da ta ci ba. Ina so in ce Kulu za ta tsaya tare da ni ta yi musu faɗa. Amma na san ƙanwata. Za ta ce, "Yaya, kin fara ko?" ta saya ɗaya ta ƙulle a bakin zane.

Abin da ya sa na nemi a rubuta wannan, bana ne ya faru. Kowace shekara a irin wannan lokaci akan dafa abinci a gidan Malam Garba a yi mata sadaka. 'Yarta Balki ita ta gaji murhun. Tana auren Nasiru, ɗan ƙanen Malam Garba, mai kabu-kabu, saboda haka a cikin gidan take, sashensu daban. Suna da yarinya da ta fara tafiya, an mayar mata da sunan Kulu, ana kiranta Ummi.

Na isa da hantsi. Na shiga ɗakin Balki in ajiye jakata, tun daga bakin ƙofa warin ya tare ni. Warin da na shaƙa a zanen Kulu ne, babu bambanci. Kwalaye jere har kusa da rufi, gefen gado. A ƙasa kuma ga Ummi zaune ta ware ƙafafu, kwanon sha a tsakani, tana ɗibar ɓurɓushi da hannu bibbiyu tana turawa a baki. Kwanon ma na gane shi, na uwar Balki ne, mai lotsattsen gefe.

Na fizge kwanon, yarinya ta tsala ihu, Balki ta shigo da gudu da muciya a hannu.

"Inna, lahiya? Mi ta yi?"

"Mene ne wannan?"

"Haba Inna, ai ba na kasuwa ba ne. Ɓurɓushi ne."

Shekara takwas, kuma kalma ɗaya ba ta canza ba. Na wanke wa yarinyar hannu da baki, na miƙa ta ga wata maƙwabciya, na ɗauki babban tiren da aka fito da shi don rabon abincin sadaka, na shiga zaga gidan. Mata na zaune a tsakar gida suna tsinke zogale, duk suka bar aiki suka bi ni da kallo. Na shiga ko'ina, har inda surukuta ta hana, ban nemi izinin kowa ba. Ƙarƙashin gadon Balki, kan taga, bayan randa, saman katangar banɗaki, cikin kwandon kayan kitso. A kicin na samu ƙullin shinkafar ɓera, gubar nan ta kashe ɓera, a kan shiryayye ɗaya da ƙullin kanwa. Da tiren ya cika na dire shi a tsakiyar gida, na koma na jawo tankin feshi daga inda na san zan same shi, na aika a kira min mazan daga zaure.

Malam Garba ya shigo yana gyara hula, ya tsufa, ya ga tankinsa a tsakar gida.

"Yaya, wanga ai na gona ne. Ba shi shiga cikin gida."

"Daga ina na ɗauko shi?"

Ya dubi ƙasa ya ce, "Bayan ƙyaure."

Nasiru ya fi shi baki. Ya ɗaga gwangwanin feshinsa ya ce, "Inna, kin san sauron bakin ruwa, in an ƙyale shi sai ya ɗauki mutum ya kai tsallake. So kike zazzaɓi ya kama ta?" Maganarsa da gaskiya a ciki, zazzaɓi ya ɗauke mana yara da yawa a garin nan. Na ce to ina gidan sauron da aka ba Balki wajen awo? Ya sosa ƙeya. Wata daga cikin matan ta ce, "Yana bisa rufi, an lulluɓe warangi da shi." Warangi su ne ƙananan kifin nan da ake shanyawa. Aka fashe da dariya, har da shi. Ni ban yi ba.

Haka aka yi ta zuwa, kowa ya nuna nasa a tire. Wannan na kitso ne, ɗigo ɗaya. Wannan na tururuwa ne, bakin ƙofa kawai. Wannan na wake ne, ai an rufe buhu. Kowa ya san nasa, kowa ya rantse kaɗan yake sawa, ba kuma wanda ya taɓa ganinsu a haɗe sai ranar. Na ce su dubi tiren da kyau, sannan su dubi Ummi a bayan maƙwabciya. Na ce wadda ke yawo da ƙafa da gwiwa a ƙasan da ake fesawa ita ce. Mai lasar bango ita ce. Mai kwana da fuska a katifar nan, kusa da kwalayen nan, mai shan nonon matar da ta wuni da tsintsiyar magani a hannu, duk ita ce. Ku manya ne, kun rarraba a tsakaninku. Ita ta haɗa na kowa, ga ta ko buhun gishiri ba ta kai nauyi ba.

Balki ta ajiye muciya. Idonta ya yi ja, kuma na ga uwarta a fuskarta lokacin da take shirin yi min gardama.

"Inna, faɗa da baki sauƙi gare shi. In ban yayyafa ba tsutsa ta cinye, mi zan kai kasuwa? Wuta ta biyu wa zai tsaya mani a kai, ga goyo ga girki? Kuma ɓurɓushin nan abinci ne. Innata ba ta taɓa zubda abinci ba. Yau ranar sadakarta ki ce in zubar?"

Nan ta ɗaure ni na ɗan lokaci, don abin da ta fi ƙauna a halin uwarta shi ta riƙe. Na zauna a kan turmi. Na ce, "Balki, kin san abin da ya sa uwarki ke cin na gindin kwando? Don ke ki ci na sama. Duk yarintarki ba ta taɓa bari kin sa hannu a kwanon nan ba. Ke kuma kin ɗauko shi kin ajiye a gaban wadda aka sa wa sunanta."

Malam Garba ya juya ya fuskanci bango. Can Balki ta ce, a hankali, "To wutar fa?"

Na ce, "Ni zan tsaya."

Kwana ɗaya na zo yi, ga shi damina ta raba tsakiya ina Wara. An kwashe kwalaye an mayar tsohon ɗakin Kulu, wanda ke rufe tun rasuwarta ba mai kwana a ciki. Malam Garba ya kai tankinsa bukkar gona. Abin da ke cikin kwanon nan Balki da hannunta ta haƙa rami can bayan gari, nesa da rijiya da inda kaji ke tono, ta binne, ta dawo. Ni kuma na koma gindin murhu kamar zamanin Innarmu, ina mayar da kifi kan wuta, ina daka barkono, idona na zubar da ruwa, bayana na ciwo. Mun yi asara, ba zan ce ba mu yi ba. Akwai kwalin da tsutsa ta riga mu, Balki ta yi kwana biyu tana kumbure-kumbure.

Kada kuma a ɗauka gidan ya gyaru. Nasiru in na tafi unguwa yakan fesa nasa, yana tsammanin hancina ya tsufa. Waken da muke saye ban san me aka zuba masa ba, sai dai in shanya in wanke in yi bisimilla. Maƙwabta na miƙa wa Ummi ɗan kifi don ƙauna, ni kuma in bi in karɓe, har an fara cewa 'yar Yelwa ta raina abincin mutane. Su faɗa. Ba zan iya tsare gari ba, gida ɗaya ma da ƙyar. Kuma ni ba yarinya ba ce, ban san damina nawa ta rage min a gindin murhun nan ba. Shi ya sa nake so matan bakin ruwa, daga Shanga har Ngaski, da masu wake da masu hatsi, a karanta musu wannan. Kowace ta ɗauki tire ta zaga gidanta sau ɗaya, ta tara abin da ta samu wuri guda, ta tsaya ta kalla. Ba sai an kira malamin asibiti ba.

Me ya rage na Kulu? Murhunta na nan yana hayaƙi. Hannunta na nan a hannun Balki, don ranar da aka sauke tarwaɗar farko da ba a yayyafa wa komai ba, ja mai sheƙi, sai da na kau da kai. Taurin kanta ma na nan, an raba shi tsakanin 'yarta da surukinta. Kwandon da take ratayewa saman murhu kuwa na sa an sauke, ana zuba albasa a ciki. Ba shi da sauran aiki, tunda yanzu abin da za a kai kasuwa shi ake ci a gida.

Jiya da la'asar muka gama ɗaure kaya, Nasiru ya ɗora a babur ya nufi bakin jirgi. Ina zaune ina goge ido sai ga Ummi ta taho tana tangaɗi, ta kama bakin kwandon da aka juye, ta zura kai da hannu har gindi. Ta fito da 'yar karyayyar wutsiya. Wani guntu ya faɗi ƙasa, ta tsuguna ta tsince shi, ta hure kamar yadda ta ga ana yi. Balki ta dube ni, hannunta ya riga ya miƙa zai ƙwace.

Na ce, "Ƙyale Hauwa'u ta ci."

Allah ya jiƙan Kulu, ya yafe mata, ya sa ta huta. Faɗan da ya rage tsakaninmu, in mun haɗu na ƙarasa mata.